Sauron da ke Cizo da Rana: Abin da Mai Ciki da Mijinta Ya Kamata Su Sani

A Hausa idan aka ce "zazzaɓin cizon sauro", kowa ya san maleriya ake nufi. Sunan ya zauna daram, har ya sa muka ɗauka cewa sauro ba shi da wata cuta a bakinsa sai ita. Shi ya sa da zarar jikin mai ciki ya yi zafi, kai yana sara, gaɓoɓi suna ciwo, sai maigida ya zari hula ya nufi kemis ɗin bakin layi. "Malam, a haɗa mini na maleriya da na taifot, mai ɗakina ce ba ta jin daɗi." A ƙulla masa a leda ya koma gida. Ba wanda ya tambayi watan cikin nawa, ba wanda ya ɗebi jini. Idan an kwana uku zazzaɓi bai sauka ba, sai a ce maganin ne bai karɓe ta ba, a canja wani.

Maleriya babbar abokiyar gabar mai ciki ce. Tana shanye jinin uwa, tana sa a haifi jariri ɗan tsurut, kuma duk wadda ke zuwa awo ta san ƙwayoyin rigakafin nan guda uku da ake ba ta ta haɗiye a gaban ma'aikaciya daga wata na huɗu. Kada wani ya rage wa wannan muhimmanci. Amma akwai wasu zazzaɓin da sauro ke kawowa waɗanda ba ruwansu da maleriya: Zika, dengi, cikungunya, shawara, da zazzaɓin Kwarin Rift. Ƙwayoyinsu irin waɗanda ake kira bairos ne, sun fi ƙwayar maleriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma maganin maleriya ba ya taɓa su, haka ma kafso da allurar taifot. A kwanakin farko kamanninsu ɗaya da maleriya. Bambancin yana fitowa ne daga baya, wani lokaci a jikin uwa, wani lokaci a jikin ɗan da ke cikinta.

Sauron da ke ɗauke da huɗu daga cikinsu ma daban yake. Na maleriya da dare yake fita. Wannan kuwa, wanda masana ke kira Edis, da hasken rana yake farautarsa, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar zuwa magariba. Baƙi ne mai zanen fari a ƙafafu da baya, kamar an ɗiga masa alli. Ya fi son idon sawu da gwiwar hannu, kuma yakan ciji mutum biyu ko uku kafin ya ƙoshi, don haka sauro ɗaya kan iya kwantar da rabin gida. Ba kwata ko kwatami yake nema ya yi ƙwai ba. Ruwa mai tsabta da ya kwana a mazubi ya fi so: randa, tulu, duro, jarkar da aka bari a buɗe, kaskon ruwan kaji, gwangwanin tumatir da ruwan sama ya tarar a bayan ɗaki, tsohuwar taya a kan kwanon rufi ko a wurin mai faci.

Duk mai son ya gani da idonsa, ya ɗauki tocila ya buɗe randar da ta yi mako ba a juye ta ba, ya haska. Zai ga wasu 'yan tsutsotsi sirara suna rataye a saman ruwan, kai a ƙasa, da haske ya taɓa su sai su yi wutsil-wutsil su nutse. Waɗannan su ne sauron mako mai zuwa. Daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana bakwai ne zuwa goma. Uwar ba a kan ruwa take zuba ƙwan ba, a jikin mazubin take liƙa shi, daidai saman inda ruwa ya tsaya, kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, sai ranar da aka sake cika randar ya ƙyanƙyashe. Wannan sauro ba ya nisan tafiya, da wuya ya wuce 'yan mitoci ɗari daga inda aka haife shi. Wanda ya ciji mai ciki tana tsintar shinkafa a tsakar gida, galibi ɗan gidan ne ko na maƙwabta.

To ta yaya cutar ke wucewa daga uwa zuwa ɗa? Jinin uwa da na ɗan tayi ba sa gauraya. Mabiyiya ce a tsakani, tana tace abinci da iska ta miƙa masa ta cibiya, tana tare yawancin ƙwayoyin cuta. Wasu 'yan kaɗan ne ke iya keta wannan shinge tun ciki yana ƙarami. Wasu kuma ba sa iyawa sai a lokacin naƙuda, sa'ad da mahaifa ke matsawa, mabiyiya ke ɗan tsattsagewa, jinin uwa ya samu hanyar shiga na jariri. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: a wane watan ciki zazzaɓin ya zo? Zika a farkon ciki ta fi yin ɓarna. Cikungunya da dengi kuwa a bakin haihuwa suka fi haɗari.

Zika ta samo sunanta daga wani daji da ke kusa da Entebbe a Yuganda, inda aka fara gano ta a jikin biri a 1947. Shekaru da dama bayan nan ana samun alamarta a jinin mutane a ƙasashen Afirka, har da Najeriya, ba wanda ya damu da ita, domin cuta ce mai sauƙi: ɗan zazzaɓi, ƙuraje masu ƙaiƙayi, jan ido, ciwon gaɓoɓi, cikin kwana biyu zuwa bakwai ta wuce. Mutum huɗu cikin biyar da suka kamu ma ba sa jin komai. A 2007 ta ɓulla a tsibirin Yap da ke Tekun Pasifik, a 2013 ta bazu a tsibiran Polinesiya na Faransa, sannan a farkon 2015 aka tabbatar da ita a arewa maso gabashin Barazil.

Watanni kaɗan bayan haka, likitocin yara a birnin Recife suka fara ganin abin da ba su saba gani ba. Wata likitar ƙwaƙwalwar yara, Vanessa van der Linden, tana cikin waɗanda suka fara ankarar da hukuma cewa jarirai masu ƙaramin kai suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, a mako guda ana ganin abin da a da sai a shekara ba a gani ba. Goshinsu ya zame baya, ƙoƙon kai ya lotsa, fatar kai ta yi naɗe-naɗe domin ta fi abin da ta rufe girma. Da aka tambayi iyayen, da yawa suka tuna sun yi ƙuraje da ɗan zazzaɓi a farkon ciki, abin da ba su ma je asibiti a kansa ba. A watan Nuwamba na 2015 wata likitar mata a garin Campina Grande, Adriana Melo, ta ɗebi ruwan mahaifar mata biyu da hoton ciki ya nuna ƙwaƙwalwar 'ya'yansu ba ta girma yadda ya kamata, aka gwada, aka samu ƙwayar Zika a ciki. Ranar 1 ga Fabrairu 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, ba ta janye ba sai a watan Nuwamba na shekarar. Kafin ƙarshen 2016 Barazil ta tabbatar da jarirai fiye da 2,000 da abin ya shafa, ƙasar da a da ba ta rubuta 200 a shekara.

Abin da ƙwayar ke yi shi ne, idan ta ƙetare mabiyiya sai ta nufi ƙwayoyin halittar da ƙwaƙwalwa ke tsirowa daga gare su, ta kashe su tun ba su hayayyafa ba. Ƙwaƙwalwa ce ke tura ƙoƙon kai ya girma, idan ta tsaya shi ma sai ya tsaya. Bayan ƙaramin kai akwai lalacewar ido, rashin ji, sanƙarewar hannu da ƙafa, farfaɗiya, wahalar haɗiya, da kuka marar yankewa. Wani cikin kuma ɓarewa yake yi, ko a haifi ɗan ba rai. Akwai ma jariran da aka haifa da kai daidai, sai daga baya aka ga sun makara wajen zama, rarrafe ko magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 5 zuwa 15 cikin 100 na jariran matan da suka kamu suna da ciki ne ke samun matsala. Ma'ana mafi yawa lafiya lau ake haifarsu, kuma ya kamata mace ta riƙe wannan kada tsoro ya cinye ta. Amma 5 cikin 100 ma ba ƙaramin abu ba ne idan cuta ta game gari, kuma har yau Zika ba ta da allurar rigakafi, ba ta da magani.

Zika ta bambanta da sauran ta wata fuska da ta shafi maza kai tsaye: tana daɗewa a cikin maniyyi bayan ta bar jini, kuma miji na iya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya ko da shi bai ji ko ciwon kai ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, namijin da ya dawo daga inda cutar ke yaɗuwa ya yi amfani da kwaroron roba ko ya ƙaurace wa shimfiɗa har wata uku, mace kuma ta jinkirta ɗaukar ciki wata biyu, sannan idan matar tana da ciki a kiyaye har ta haihu. 'Yan kasuwa da ɗalibanmu da ke zuwa Indiya, Tailan ko Barazil, wannan magana tasu ce.

Mai karatu zai ce, to tunda a Afirka aka gano ta, me ya sa ba mu ga irin abin da ya faru a Barazil ba? An gani a tsibiran Cape Verde a 2015 da 2016, an gani a Angola, kuma a wuraren biyu nau'in ƙwayar da ya addabi Barazil ne. Game da sauran ƙasashe masana suna kawo dalilai: mai yiwuwa 'yan mata da yawa suna kamuwa tun suna yara su samu garkuwa kafin aure, sauron Edis na Afirka bai kai na can iya ɗaukar ƙwayar ba, kuma gwaji a kan dabbobi ya nuna nau'in Afirka ya fi kashe ɗan tayi da wuri a kan ya bar shi da nakasa. Akwai dalili na huɗu da ni ya fi tsaya mini a rai. A wurin da yawancin haihuwa a ɗaki ake yi, ba a auna kan jariri, ɓari kuma ba a bincika sanadinsa, wa zai ƙirga? A Recife ma'aunin tela da aka zagaya kan jariri ne ya tona asirin cutar. Kan jaririn da ya cika wata tara yakan kai santimita 33 zuwa 35, kuma auna shi ba ya cin minti ɗaya. Ba Zika kaɗai ke kawo ƙaramin kai ba, akwai gado, akwai wasu cututtuka irin su rubela, amma ba za a san ko wanne ne ba sai an fara aunawa.

Cikungunya ta fi kusa da mu. A Tanzaniya aka gano ta a 1952, kuma sunan daga harshen Makonde yake, yana nufin abin da ke tanƙwara mutum, saboda tsananin ciwon gaɓoɓin da ke sa majiyyaci tafiya a duƙe, wani har watanni. Ta kwantar da dubban mutane a Kassala ta Sudan a 2018, da Abeshe ta Cadi a 2020. Abin da aka sani game da ita da ciki an koye shi ne a tsibirin Reunion da ke Tekun Indiya, inda a 2005 da 2006 ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin. Likitoci sun lura cewa matan da suka kamu a farko ko tsakiyar ciki, galibi 'ya'yansu sun tsira. Amma cikin mata 39 da naƙuda ta same su ƙwayar tana yawo a jininsu, jarirai 19 suka kamu, kusan rabi ke nan. Fiɗa ba ta hana ba. Jaririn yakan fito garau, ya kama nono, sai a kwana na uku zuwa na bakwai jikinsa ya ɗau zafi, ya ƙi tsotso, ya riƙa tsala kuka idan an taɓa shi, hannu da ƙafa su kumbura, a wasu cutar ta hau ƙwaƙwalwa.

Dengi ita ce ta fi yawa a duniya, kuma ta iso ƙofarmu. A 2023 ta kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso, a watan Agusta na shekarar Cadi ta sanar da ɓullarta a Abeshe, kafin ƙarshen shekarar kuma hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya ta tabbatar da ita a Jihar Sakkwato. Nau'inta huɗu ne, kuma wanda ya warke daga ɗaya ya sake kamuwa da wani, karo na biyu yakan fi tsanani. Ga mai ciki, babban haɗarinta jini ne. Tana rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, tana sa jijiyoyi su riƙa yoyo, sai a zo haihuwa jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa. Tana jawo haihuwar bakwaini da ƙaramin jariri, kuma idan uwa ta kamu dab da haihuwa tana iya wucewa ga ɗan. Tana da wata yaudara da ya kamata kowane gida ya sani: ranar da zazzaɓi ya sauka, tsakanin kwana na uku da na bakwai, ita ce ranar da aka fi jin tsoro. Idan jiki ya yi sanyi amma ciki ya murɗa da ciwo mai tsanani, amai ya ƙi tsayawa, dasashi ko hanci na jini, bayan gida ya yi baƙi, ko mai cikin ta kasa zaune ta kasa tsaye, to ba sauƙi ba ne ya samu. A tafi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

A nan ne ledar kemis ke iya zama ajali. Asfirin, ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake cusawa cikin haɗin ciwon jiki, suna ƙara zubar jini ga mai dengi, ibuprofen da diclofenac kuma dama ba su dace da tsohon ciki ba. Farasitamol shi ne abin da mai ciki za ta sha don zazzaɓi, da ruwa mai yawa, kafin ta isa wurin gwaji. Wadda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda hawan jinin ciki, ta gaya masa ranar da zazzaɓi ya fara, shi zai yanke hukunci.

Shawara tana da allurar rigakafi, guda ɗaya tak ta isa har ƙarshen rayuwa, ana yi wa yara a wata tara. Tun 2017 cutar ta dawo Najeriya, a 2019 ta yi kisa a yankin Alkaleri na Jihar Bauchi. Allurar ƙwaya ce mai rai da aka raunana, don haka ba a cika yi wa mai ciki ba sai annoba ta ɓarke, inda haɗarin cutar ya fi na allurar. Lokacin yin ta shi ne kafin ciki, kuma da iyaye za su duba wannan a cikin shirin aure, da an huta.

Zazzaɓin Kwarin Rift kuwa na makiyaya ne da mahauta da matan da ke kula da dabbobi a gida. A Kenya aka gano shi a farkon shekarun 1930. Sauro ne ke yaɗa shi tsakanin dabbobi, alamarsa ita ce tumaki da awaki su kama ɓari a lokaci ɗaya bayan ruwa mai yawa. Mutane sun fi ɗauka ta hanyar taɓa jini, nama ko ɗan da dabba ta ɓarar, da shan madarar da ba a tafasa ba. A 2016 ya ɓarke a jihar Tawa ta Nijar, a yankunan Cintabaradan da Abalak. Wani bincike da aka yi a kan masu ciki da zazzaɓi a Port Sudan ya gano cewa waɗanda ke ɗauke da wannan ƙwaya sun fi sauran yin ɓari ninki-ba-ninki. Idan akuya ta ɓarar a gida, mai ciki ba ita ce za ta kwashe ba, kuma ba ita ce za ta gyara kayan cikin dabbar da aka yanka don tana ciwo ba.

Gidan sauro yana nan da amfaninsa, har ga sauron Edis, domin mai ciki takan yi barcin rana, kuma jariri yini yake yana barci. A sauke shi da rana kamar yadda ake saukewa da dare. Man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET ko picaridin ba ya cutar da ciki idan an bi ƙa'idar da ke jikin kwalbar, a shafa a ƙafa da hannu da safe da yamma, a sa sutura mai rufe jiki. Amma aikin da ya fi duka yana wurin ruwa, kuma ba na mai ciki ba ne, domin duro da randa sun fi ƙarfin bayanta. Maigida ko samarin gida su ware rana ɗaya a mako, a juye kowane mazubi, a dirje cikinsa da soso har bakinsa saboda ƙwan da ke liƙe, a cika a rufe da murfin da ya zauna sosai ko a ɗaure da ƙyalle. Zubar da ruwan kawai ba tare da dirzawa ba bai kashe ƙwan ba. Na san a unguwar da sai an sayi ruwa wurin 'yan ga-ruwa, cewa a juye duro magana ce mai nauyi. Ba sai an zubar ba: a yi wanki da na ƙasan, a wanke duron, sannan a sayi sabo. Tayoyi da gwangwanaye a kife su ko a huda su. Tunda sauron ba ya sanin katanga, sai an yi magana da maƙwabta.

Ga ita mai cikin, kunyar cikin fari da ke sa a ɓoye shi har ya fito ya kamata a sassauta ta a gaban ma'aikaciyar lafiya, domin watanni ukun farko su ne lokacin da ake fara ginin ƙwaƙwalwa. Duk zazzaɓi a yi gwajin maleriya, na tsinke ne, minti ashirin ya fito. Idan ya nuna babu, kada a ce na'ura ce ta yi ƙarya a sha maganin duk da haka. A tambaya: "Sista, in ba maleriya ba ce, mece ce?" A faɗi ko akwai ƙuraje, jan ido, ciwon bayan ido, ko wasu a gida da unguwa suna kwance da irin wannan, ko maigida ya dawo daga tafiya. A sa a rubuta ranar a katin awo, a yi hoton ciki wajen wata na biyar a duba girman kan ɗan.

Wadda zazzaɓi ya kama a makon haihuwarta, ko da ta saba haihuwa a gida, wannan karon ta haihu a asibitin da ke da jini a ajiye, ta kuma gaya wa ungozoma tun tana shiga. Ta ci gaba da ba da nono. Kwana bakwai ɗin nan na kafin suna, sa'ad da ɗaki ke cike da 'yan barka ana karɓar jariri hannu zuwa hannu, kakarsa ko wadda ke zaman jego ta sa masa ido sosai: zafin jiki, ƙin kama nono, ƙuraje, kumburin hannu da ƙafa, kukan da ba ya lallasuwa, jini a cibiya ko wurin allura, ko fizge-fizge. Ko ɗaya aka gani, a naɗe shi a koma asibiti tare da katin awon uwarsa, ba sai an jira an raɗa suna ba.